Amsar murya: tafiya a mota zuwa gidan tarihin yaƙi na Umuahia

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alhaji, na saurari tambayarka, cewa kuna so ku tashi daga Abuja a mota ku je ku ga motocin yaƙin basasa da idonku, wace hanya za ku bi kuma kwana nawa. To, ka ware kwana huɗu, kuma ka tsara yadda Litinin ba za ta same ka a kan titi a ƙasar Ibo ba. A 2021 masu fafutukar Biyafara suka fara sa mutane zaman gida ranar Litinin a can. Ko a inda abin ya yi sauƙi, baƙo mai lambar motar Arewa ba shi da dalilin gwadawa. Ku fita Talata, ku dawo Juma'a ko Asabar.

Hanya: Keffi, Akwanga, Lafia, Makurdi, Otukpo, 9th Mile, ku kwana Enugu. Ku tashi bayan sallar asuba don ku shiga gari da sauran rana. Daga 9th Mile akwai doguwar gangara zuwa cikin Enugu, kuma nan ne direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanya yake shiga uku. Yana ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birki ya yi zafi, man birki ya tafasa, ya taka ya ji ƙafa ta lume. A sa ƙaramar giya, injin ya riƙe motar. Kafin tafiya makanike ya duba birki da ruwan lagireto da fanbel, safaya taya ta kasance da iska. Shingayen bincike suna da yawa, saboda haka lasin, inshora, takardun mota, abin kashe gobara da izinin gilashi mai duhu su zauna kusa da hannu. Kada kowa ya sa riga ko hula mai kama da kakin soja, kada a ɗaga waya a shinge.

Washegari Enugu zuwa Umuahia kusan kilomita 120 ne ta babbar hanyar Fatakwal. Za ku wuce Lokpanta, inda kasuwar shanu take, akwai 'yan'uwanmu, ana samun wurin sallah da abinci. Yankin Okigwe kuwa a wuce shi da rana tsaka, ba tsayawa.

Gidan tarihin yana unguwar Ebite Amafor a Umuahia, an kafa shi a 1985. An zaɓi Umuahia ne domin ita ta zama hedikwatar Biyafara bayan Enugu ta faɗi a Oktoban 1967, har sojojin tarayya suka karɓe ta a Afrilun 1969. Ku riƙe tsabar kuɗi don shiga da ɗan ihsanin mai zagayawa da ku, kada ku dogara da taransfa. Ku fara da filin waje tun da safe, don ƙarfen nan in rana ta take ba ya taɓuwa.

Ga yadda ake kallon motocin, don yawancin mutane hoto kawai suke ɗauka su wuce. Ku fara tsayawa gaban waɗanda kamfani ya ƙera. Saladin ta Ingila ƙafa shida gare ta, da igwa mai bakin milimita 76. Ferret ƙarama ce, ƙafa huɗu, ta leƙen asiri. Panhard ta Faransa ce, akwai wadda 'yan Biyafara suka ƙwace suka sa mata suna Oguta Boy. Ku duba haɗin ƙarfensu, layin walda sumul. Sannan ku koma kan waɗanda ake kira Red Devil, ƙirar gida. Durƙusa ka leƙa ƙasa, Alhaji: za ka ga ƙafafun tsohuwar motar yaƙin duniya na biyu ko na tarakta, an ɗora mata faifan ƙarfe an yi walda da hannu, layin yana karkacewa kamar ɗinkin ɗan koyo. Tagar direba ba ta wuce ka zura hannu ba. Nauyin ya fi ƙarfin injin, iska ba ta shiga, shi ya sa suke zafi su mace a fagen daga. A ganina wannan layin waldar ya fi duk bayanin da ke jikin allo. Kusa da su akwai Ogbunigwe, nakiyar da ake cikawa da guntayen ƙarfe da duwatsu, da tukunyar da suke tace ɗanyen mai.

Wajen jirage, ku haɗa biyu a ido ɗaya: MiG-17 da Ilyushin 28 na Tarayyar Sobiyet da sojan sama na Najeriya ya yi amfani da su, da ɗan mitsitsin jirgin koyon tuƙi na Suwidin da von Rosen, matuƙin jirgi ɗan Suwidin, ya kawo wa Biyafara a 1969 aka ɗaura masa rokoki. Jirgin ruwan NNS Bonny ma yana nan zaune a tudu. Yara kada su hau komai, tsatsa ta ci ƙarfen, gefensa yana yanka kamar reza, kuma da damina ciyawa tana rufe ƙarƙashin motocin.

Ɗakin yaƙin basasa a ƙarƙashin ƙasa yake, inda gidan rediyon Biyafara ya ɓuya. Hotunan yaran da yunwa ta kama suna da tayar da hankali, a yi wa ƙanana bayani kafin a sauka. Ramin Ojukwu, shugaban Biyafara, daban yake, a cikin gari, a tsohon gidan Michael Okpara, tsohon firimiyan yankin Gabas, zurfinsa kusan mita 8. Matakalar tana da tsayi, iska kaɗan ce, wuta tana iya ɗaukewa. Ku riƙe tocila, mai asma ko ciwon gwiwa ya jira a sama.

Abagana, inda aka yi wa ayarin rundunar Murtala Muhammed kwanton ɓauna a 31 ga Maris 1968, tana kusa da Awka, sai in za ku koma ta Onitsha da Asaba da Lokoja. Uli kuwa, inda filin jirgin Biyafara yake lokacin yaƙi, ban ba ku shawara ba. Filin jirgin titi ne aka faɗaɗa, yau ba abin gani sosai.

Abu na ƙarshe, harshe. Mai zagayawa da ku wataƙila kakansa a yaƙin ya mutu. Kalmar Inyamuri a bar ta a gida, a ce Ibo, kuma gardamar wa ya fara a ajiye ta sai an dawo mota. Allah ya kai ku lafiya.