Amsa ga mai tambaya kan man hana warin hammata na haɗin gida

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, inda kika ce kin haɗa man hana warin hammata da kanki da man kwakwa da bekin soda da garin sitacin masara, ya yi miki aiki da farko, amma daga baya hammatarki ta yi ja, tana raɗaɗi da ƙaiƙayi har ta fara duhu, kuma zufa ba ta ragu ba. Kin kuma ce wasu sun ba ki shawarar ki daure, wai jiki ne yake fitar da guba. Na daɗe ina haɗa irin wannan mai ina amfani da shi, kuma abin da zan fara roƙonki shi ne ki daina shafa wanda kika haɗa tun daga yau.

Maganar fitar da guba ba ta da tushe, kuma tana damuna ƙwarai domin tana sa mutane su ci gaba da cutar da fatarsu da sunan haƙuri. Hanta da ƙoda su ne suke tace dattin jini, zufa kuwa kusan dukkanta ruwa ne da ɗan gishiri. Abin da ya same ki ƙuna ce, kuma mafi yawan lokuta bekin soda ne ke haddasa ta. Fatar ɗan Adam tana da ɗan tsami a halittarta, wanda a ma'aunin pH (ma'aunin da ƙaramar lamba ke nuna tsami, babba kuma ke nuna ɗabi'ar kanwa) yake kaiwa tsakanin 4.5 zuwa 5.5, kuma wannan tsamin ne yake taimaka mata ta riƙe danshinta ta kare kanta. Shi kuwa bekin soda ɗabi'arsa irin ta kanwa ce, yana kaiwa wajen 8.3 idan ya narke a ruwa. To, idan aka riƙa ɗora shi kullum a wuri mai laushi da ɗumi da danshi, inda fata ke gogar fata, ga shi kuma ba ya narkewa a cikin mai, yana nan da ɓarzarsa yana kankarar wurin, dole wata rana fatar ta gaza. Shi ya sa ƙunar ba ta bayyana a ranar farko, sai a hankali. Duhun da kike gani kuma tabon kumburi ne, domin fata mai duhu takan ƙara yin baƙi a duk inda ta ji ciwo, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya washe. Haɗin da ya fi yawo a intanet yana sa bekin soda daidai da yawan sitaci, kuma a ganina wannan ya yi wa fatar mutane da dama yawa.

Game da zufar da ba ta ragu ba, wannan ba laifin haɗinki ba ne, domin dama ba aikinsa ba ne. Zufa ita kanta kusan ba ta da wari. A hammata akwai wasu maɓuɓɓugan zufa na musamman da suke fara aiki lokacin balaga, suna fitar da ruwa mai ɗauke da maiƙo da furotin, sai bakteriyar da ke zaune a kan fata ta ci shi ta fitar da sinadarai masu wari. Saboda haka hanyoyin magance matsalar biyu ne: ko a rage bakteriyar da warinta, ko a toshe hanyar zufar. Na kanti da ke hana zufa suna ɗauke da gishirin alminiyam, wanda yake toshe bakin ƙofofin zufa na ɗan lokaci, kuma babu wani abu a cikin man kwakwa ko sitaci ko kaki da zai iya yin haka. Iyakar abin da sitaci zai yi shi ne ya tsotse ɗan danshi. Wanda ya koma haɗin gida ya sani cewa zai yi zufa, abin da yake nema kawai shi ne kada zufar ta yi wari.

Kafin ki sake gwada komai, ki bar wurin ya warke sarai. Ki riƙa wanke shi da ruwa da sabulu marar ƙamshi ba tare da dirzawa ba, ki tsane shi da tawul mai laushi, ki shafa basilin ko man kaɗanya zalla, kuma ki dakata da aske gashin wurin har sai raɗaɗin ya tafi.

Idan fata ta koma daidai, ga haɗin da na tsaya a kansa. Ina ɗaukar man kaɗanya babban cokali 3, man kwakwa babban cokali 2, kakin zuma da aka gurza babban cokali 1, garin sitacin masara babban cokali 3, sai bekin soda ƙaramin cokali 1 kacal. A kula, bekin soda daban yake da bekin foda, kada a musanya su. Ke da fatarki ta riga ta nuna ba ta jure shi, shawarata ita ce ki cire shi gaba ɗaya, ki sa garin magniziyam haidiroksaid (wani farin garin sinadari da ake sawa a maganin ƙwannafi) babban cokali 1 a madadinsa, domin ba ya narkewa da sauri a cikin zufa, kuma mutane da yawa da bekin soda ya ƙona sun fi samun sauƙi da shi. Wasu kuma garin zink oksaid suke sawa, wanda shi ne ake zubawa a man ƙurajen kunzugun jarirai. Kakin zuma yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, saboda man kwakwa yana narkewa tun daga zafin digiri 24 a ma'aunin Salsiyas, alhali kakin sai ya haura digiri 60 yake narkewa, don haka shi ne ke riƙe haɗin kada ya zama ruwa har garin sitacin ya kwanta a ƙasan kwalba.

Wajen haɗawa, a zuba kakin da mayukan a kwano, a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi har su narke, kada a ɗora su kai tsaye a kan wuta. A sauke, a tankaɗe garin a ciki a hankali ana juyawa, kuma a ci gaba da juyawa har ya fara kauri kafin a juye shi a kwalba mai tsabta wadda ta bushe sarai. Ko ɗigon ruwa kada ya shiga, domin haɗin ba shi da sinadarin hana lalacewa, kuma ruwa ne ke kawo funfuna. Ni nakan haɗa kaɗan, wanda zai ƙare cikin wata 2 zuwa 3, kuma da zarar warin man ya sauya nakan zubar da shi.

Sai batun ƙamshi, wanda a nan ma ake yawan samun matsala. Tataccen man ƙamshi na tsirrai yana da ƙarfi sosai, kuma kasancewarsa daga ganye ko fure bai hana shi ƙona fata ba. A wannan adadin da na ambata, ɗigo 10 zuwa 15 na man furen lafanda ko na ganyen itacen ti-tiri ya wadatar, a zuba shi bayan haɗin ya ɗan huce. Man kirfa da na kanumfari suna da zafi, ban yarda a kai su hammata ba. Haka nan shafa ruwan lemon tsami da wasu ke yi, tsaminsa ya kai wajen 2 a ma'aunin pH, yana raɗaɗi a fatar da aka aske, kuma yana iya barin tabo idan rana ta taɓa wurin. A karon farko gara ki haɗa naki babu ƙamshi ko kaɗan, domin idan fata ta sake nuna damuwa ki iya gane abin da ya jawo. Mai juna biyu kuma ta tuntuɓi likita kafin ta yi amfani da waɗannan mayukan ƙamshi.

Nasan za a ce miki ki koma ga alif, wanda ake sayarwa a matsayin dutsen hana wari. Yana rage wari ga mutane da yawa, amma ya kamata a san cewa shi ma gishirin alminiyam ne, don haka wanda ya guje wa na kanti saboda alminiyam bai guje masa ba idan ya koma ga alif. Shi kansa tsoron da ake yaɗawa cewa alminiyam ɗin da ke cikin mai hana zufa yana kawo sankarar mama, Cibiyar Nazarin Cutar Kansa ta Amurka ta bayyana cewa babu hujjar kimiyya da ta tabbatar da hakan. Masu ciwon ƙoda mai tsanani su ne aka gargaɗa su tambayi likita kafin su yi amfani da shi. Ni na zaɓi haɗin gida ne domin ina son sanin abin da nake shafawa kuma turaren na kanti yana sa ni ƙaiƙayi, amma ba na ganin laifin wanda ya ɗauki na kanti a ranar da yake buƙatar rigarsa ta zauna a bushe.

Duk sabon haɗin da kika yi, ki fara gwada shi a cikin dantsenki na tsawon kwana 7 zuwa 10 kafin ki kai shi hammata, tunda kin ga yadda ƙunar ke jinkirin bayyana. Idan za ki shafa, ɗan kaɗan a kan yatsa ya isa, a fata mai tsabta wadda ta bushe, kuma kada ki shafa a ranar da kika yi aski. Ki ba shi 'yan mintuna ya shiga kafin ki sa riga, domin maiƙon yana ɓata tufafi. Ki kuma duba tufafin kansu, saboda yadin foliyesta yana riƙe wari fiye da auduga, har wani lokaci a ɗora wa man da aka shafa laifi alhali laifin na riga ne.

Idan bayan mako 2 da dainawa jan da ƙaiƙayin ba su lafa ba, ko wurin ya fara tsagewa, ko yana fitar da ruwa, ko kika ji ƙullutu mai ciwo, to ki je wurin likitan fata, domin akwai cututtukan funfuna da na bakteriya da ke kama hammata waɗanda sai da magani suke tafiya. Haka kuma idan zufar tana jiƙa miki riga ko da kina zaune babu zafi, wannan lalura ce da likitoci suka sani kuma suna da hanyoyin magance ta, haɗin gida ba zai wadatar a kanta ba. Allah ya ba ki lafiya.