Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Boga Mai Cuku a Ciki Take Fashewa a Kasko?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Yarana ne suka ga bogar nan da ake cusa cuku a tsakiyar namanta, suka matsa mini sai na yi musu. Da ta ji wuta sai ta kumbura, gefe ya tsage, cukun ya tsiyaye cikin kasko ya ƙone. Wadda ba ta fashe ba kuma waje ya yi baƙi, ciki da sauran ja. Na fasa ƙwai, na zuba garin burodi da gishiri na murje naman sosai don ya kama jikinsa, sai ya fito da tauri. Don Allah ina gyaran yake?
Daga wata mai karatu, uwar yara uku

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, abin da ya same ki duk mai gyaruwa ne, kuma tun daga kwanon haɗi matsalar ta fara.

Ki ajiye ƙwai da garin burodin nan, boga ba ta buƙatarsu. Abin da take so shi ne niƙaƙƙen nama mai kitse, kashi 20 cikin 100 kitse, 80 tsoka. Idan ke za ki kai niƙa, ki ce a haɗa miki da kitsen, kada a tsince shi. Taurin da kika ji kuma gishiri da murza ne suka jawo. Idan gishiri ya shiga cikin niƙaƙƙen nama aka cuɗa, yana narkar da wani sinadarin tsoka mai suna mayosin, sai naman ya yi danƙo ya manne, ya fito kamar sosej. Ni a waje kawai nake barbaɗa gishiri da masoro, a daidai lokacin da kasko ya yi zafi.

Yanzu ga inda aikin yake. Ki auni nama kamar giram 170 ga kowace boga, ki raba biyu. Ki faɗaɗa kowane rabi da tafin hannu a kan takardar gashi har faɗinsa ya ɗan fi burodin da za ki sa shi, domin zai tsuke a wuta. Ki ninke cuku kamar giram 25 zuwa 30 ki ɗora a tsakiyar ɗaya, ki bar fili kamar faɗin yatsa ko fi a kewaye, babu ko ɓurɓushin cuku a wurin. Ki kifa ɗayan a kai, ki fara dannawa a hankali daga tsakiya zuwa gefe don iskar da ta maƙale ta fita. Sai ki bi bakin da babban yatsa da manuni kina matsewa, ki zagaya sau biyu, sannan ki shafe da yatsa mai ɗan danshi har layin haɗin ya ɓace. Ki ɗaga ta ki duba sosai. In kin hango wata 'yar tsaga, ko ƙanƙanuwa ce, to ta nan cukun zai bi, ki ɗebo ɗan nama ki toshe.

Kumburin da kika gani tururi ne. Nama yana tsukewa in ya ji zafi, ruwan da ke ciki kuma yana komawa tururi yana neman hanya, sai ya ɓalle ta inda haɗin ya fi rauni. Shi ya sa duk abin da za ki cusa mai ruwa, albasa ce ko naman kaza (wato mashurum) ko tattasai, ki fara soya shi ruwan ya ƙone, ki bari ya huce tukuna. Ɗanyen tumatir kam kada ya shiga ciki, ki bar shi a saman burodi. Kuma ki rage zumuɗin cikawa. Na san ana son a yanka a ga cuku yana zuba, amma wadda aka cika fiye da kima ita ce ke fara fashewa. Cikin nau'o'in cuku, cheddar na narkewa da kyau, mozzarella kuma ta fi jan zare amma ɗanɗanonta bai kai ba, ni nakan haɗa su.

Bayan haɗi ki sa su a firji na minti 20 zuwa 30, kitsen ya daskare su riƙe siffarsu.

Wuta matsakaiciya za ki sa, a kasko mai kauri. Baƙin waje da jan ciki alamar wuta ta yi yawa ne, domin wannan boga ta fi ta kullum kauri. Kamar minti 5 zuwa 6 kowane gefe, juyi ɗaya tak, kuma ina roƙonki kada ki danna ta da cokali. Bayan kin juya, ki soka tsinken sakace sau ɗaya a samanta tururi ya samu mafita, ki rufe kaskon ciki ya nuna.

Maganar jan ciki ita ce ta fi damuna, tunda yara za su ci. Ƙwayoyin cuta a jikin yankan nama suke zama daga waje, amma da an niƙa sai su bazu ko'ina har tsakiya. A 1993 bogar da ba ta nuna ba ta jawo ɓarkewar ƙwayar E. coli a Amurka, ɗaruruwan mutane suka kwanta, yara huɗu suka rasu. Ma'aikatar noma ta ƙasar ta tsayar da digiri 71 a ma'aunin Salshiyas a matsayin zafin da ciki zai kai ga niƙaƙƙen naman sa, na kaza kuma 74. Launi kaɗai yana yaudara, don haka in kina da ma'aunin zafin abinci ki soka shi ta gefe cikin naman, kada ya shiga cukun. In babu, ki yanka guda ɗaya ki tabbatar babu sauran ja musamman a naman da ke manne da cukun.

Da kin sauke, ki ba ta minti 5 kafin ki miƙa wa yara. A birnin Miniyafolis na Amurka, inda wuraren cin abinci biyu, Matt's Bar da 5-8 Club, kowanne ke cewa shi ya ƙirƙiro irin wannan boga, ana gargaɗin mai ci ya ɗan dakata, saboda narkakken cuku yana ƙona baki ba da wasa ba.

Tambaya: Anti, zan iya haɗa su da yawa in ajiye? Aiki ba ya bari na tsaya girki kullum.
Daga wata ma'aikaciya

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. A firji kada ɗanyunsu su wuce kwana 1 zuwa 2. A firiza za su kai wata 3 lafiya, in kin raba tsakaninsu da takardar gashi kin ɗaure a leda babu iska. Ranar da za ki soya, ki sauko da su cikin firji tun daren jiya su saki a can. Kada ki sa su a kasko da ƙanƙararsu, waje zai ƙone cukun bai ko narke ba. Kafin su hau wuta ki sake bin bakinsu da yatsa, domin sanyi yakan buɗe haɗin.