Maɓallin da ke ganin yatsa: amsoshin tambayoyinku kan murhu da injin wanki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Murhun lantarkina mai fuskar baƙin gilashi ne, ba shi da maɓalli mai lotsawa, zane kawai ake taɓawa. Da safe idan rana ta shigo ta taga ta sauka a kansa, sai ya dinga yin ƙara shi kaɗai, wani lokaci ma in taɓa ya ƙi amsawa. Da dare kuwa lafiya lau. Ya lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Da wuya a ce lalacewa ce. Alamun da kika faɗa sun nuna maɓallan murhunki irin masu aiki da haske ne. A ƙarƙashin kowane zane akwai abubuwa biyu ƙanana kusa da juna: ƙwan LED mai fitar da hasken infirared, da 'yar na'ura mai auna hasken da ya faɗo mata. Idon mutum yana ganin haske ne daga wajen nanomita 400 zuwa 700 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), su kuwa waɗannan ƙwayayen galibi a 850 ko 940 suke haskawa, shi ya sa ba kya ganin komai. Gilashin da kike gani baƙi ƙirin, infirared na ratsa shi. Idan babu komai a kai, hasken ya fice abinsa. Da zarar kin ɗora yatsa, wani ɓangarensa zai bugi fatarki ya dawo, na'urar ta ga ƙaruwa, ƙaramar kwamfutar cikin murhun ta ɗauka an danna.

To, rana ma tana ɗauke da infirared, kuma mai yawan gaske. Masu ƙera waɗannan kaya sun san da haka, don haka ba sa barin ƙwan a kunne. Suna sa shi ya riƙa ƙyaftawa da sauri, a auna haske yana kunne, a auna yana kashe, a cire wannan daga wancan. Abin da ya rage shi ne hasken da ya dawo daga yatsa. Dabarar tana aiki har sai hasken waje ya cika na'urar ta kasa bambancewa, kamar mai haska tocila da tsakar rana. A nan ne take ruɗewa. Tsofaffin fitilun halojin da ake sawa saman murhu su ma suna ruɗa ta haka.

Ki fara sa labule. Sannan ki goge wurin maɓallan da tsumma mai ɗan danshi, ki busar, domin maiƙo da busasshen abin da ya zube suna mayar da haske kamar yatsa. Bayan haka ki katse masa wuta daga soket ko daga makunnin bango na kamar minti ɗaya, ki mayar lokacin da babu rana a kansa, babu cokali ko murfin tukunya a kan zanen. Da yawa daga cikinsu suna auna hasken ɗakin ne a lokacin da wuta ta shigo, su riƙe shi a matsayin ma'auni. Idan bayan duk wannan maɓalli ɗaya tak ne ke ƙin amsawa dare da rana, to wataƙila ƙwansa ya raunana, aikin mai gyara ne. Kada ki ɗaga gilashin da kanki.

Tambaya: Malam, ta yaya zan gane na injin wankina na haske ne ko irin na fuskar waya?

Amsa: Malam, mafi yawan injinan wanki da murhun zamani irin na waya suke amfani da shi, wato wanda ke auna ɗan canjin cajin lantarki da jikin mutum ke jawowa. Gwajin mai sauƙi ne. Ka ɗauki farar takarda mai kauri ko busasshen cokalin katako ka ɗora a kan zanen. Na haske yakan amsa, tunda shi abin da ya mayar masa da haske kawai yake nema. Na caji ba zai kula ba, amma jiƙaƙƙen hannu ko ruwan da ya kwanta a kai kan rikita shi. Wani lokaci kyamarar waya ma takan tona asiri: ka gwada da rimot na talabijin, za ka ga ƙwansa na walƙiya da launin shunayya a fuskar wayar. Sai dai wasu wayoyin suna tace wannan haske, kuma na maɓalli ya fi na rimot rauni, sai ɗaki ya yi duhu. Af, ita kanta wayarka tana da irin wannan na'ura kusa da lasifikar sama, ita ce ke kashe fuska idan ka kara ta a kunne.

Tambaya: Idan ya ƙi amsawa, dannawa da ƙarfi na taimakawa?

Amsa: A'a. Babu abin da ke motsi a ƙasa. Ka shimfiɗa tsokar yatsa ta rufe zanen gaba ɗaya, kada ka taɓa da bakin farce.

Tambaya: Na ji an ce akwai maɓalli mai lotsawa amma da haske yake aiki. Mene ne amfaninsa?

Amsa: Akwai, kuma a ganina ya fi na gilashi natsuwa. A cikinsa ƙwan da na'urar aunawa suna fuskantar juna, da ɗan tsagi a tsakani. Idan ka danna, wani ɗan harshen roba zai shiga tsagin ya tare hasken. Maɓalli na gargajiya ƙarfe biyu ne ke haɗuwa, kuma tururi da danshi kan sa su tsatsa. Bayan haka ƙarafan sukan yi 'yar rawa na wasu milisakan kafin su zauna, sai manhaja ta jira kada ta ƙirga dannawa ɗaya sau biyu. Na haske ba ya fama da ko ɗaya cikin waɗannan, kuma da yake a rufe yake, rana ba ta kai masa. Abokin gabarsa ƙura ce idan ta samu hanyar shiga tsagin. Wasu madannan kwamfuta na masu wasanni haka suke, kuma dabarar ce ke ƙirga juyin tayar tsakiya a wasu linzaman kwamfuta.