Bambancin "sei de" da "bakari ni" a Japananci

Malam, ka tambayi me ya raba せいで (sei de) da ばかりに (bakari ni), tunda duka biyun suna kawo dalilin da ya jawo mummunan sakamako.

"Sei de" ɗora laifi ne kawai. Bayan suna sai ka saka "no": ame no sei de shiai ga chūshi ni natta, wato ruwan sama ne ya sa aka soke wasa. Sifa mai "na" (irin sifar da ke ɗaukar "na" kafin suna) tana riƙe "na" ɗinta, aikatau kuwa ya zo a sigarsa ta yau da kullum.

"Bakari ni" ta fi ciwo, akwai da-na-sani a cikinta. Ɗan abu guda ne ya ɓata komai: kagi o wasureta bakari ni, ie ni hairenakatta. Makulli kaɗai na manta, ga shi na kasa shiga gida. Galibi aikatau na gabanta yana ƙarewa da "ta", kuma suna yana buƙatar "de aru".

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne su biyo da umarni ko roƙo. Ba a cewa ame no sei de kaerimashō (mu koma gida saboda ruwan sama). Nan "kara" ko "node" ake so, masu nufin "saboda" kawai. In sakamakon alheri ne, koma ga "okage de". In kuma kana shakkar dalilin, ka ce "sei ka".