Ƙahon da ya fi na bauna

Tambaya: Malam, muna haƙar rijiya muka tono ƙashi mai nauyi, lanƙwashe kamar ƙaho. Ko na dabbar zamanin da ne? Daga mai karatu, Daura.

Amsa: Mai yiwuwa ne. A da Afirka tana da wata ƙatuwar bauna, Syncerus antiquus, wadda tsakanin bakin ƙahonninta biyu kan kai mita 3. Har siffarta aka sassaƙa a duwatsun Tassili na Aljeriya, lokacin Sahara tana da ciyawa da tafkuna.

Abin da kan saura shi ne ƙashin cikin ƙaho, don kuben waje irin farce ne, ruɓewa yake yi. Ka ɗaga ka ji. Wanda ma'adinai suka cika ramukansa ya fi ƙashin saniya nauyi nesa ba kusa ba.

Don Allah kada ka wanke shi, kada kuma ka shanya shi a rana. Saurin bushewa ke tsattsaga shi. Ka ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe, ka rubuta zurfin da kuka same shi da launin ƙasar wurin, domin da su ake ƙiyasta shekarunsa. Sai ka naɗe shi da takarda, ka kai Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Katsina.