Kirsimeti ta gabato, ni da yayana ba ma ga maciji

Tambaya: Tun rasuwar babanmu ni da yayana ba ma magana saboda rabon gona. Kirsimeti za ta haɗa mu a gidan mama. Ko sujada na shiga zuciyata a ɗaure take. Yaya zan sami albarkar bikin a haka?

Amsa: 'Yar'uwa, fara da Matiyu 1:1-17, wurin da ake yawan tsallakewa don jerin sunaye ne. A zuriyar Yesu akwai Tamar da abin da ya shiga tsakaninta da surukinta Yahuza (Farawa 38), akwai kuma matar Uriya wadda Dauda ya ɗauka bayan ya sa an kashe mijinta. Matiyu 1:19 ta nuna Yusufu kansa ya yi niyyar rabuwa da Maryamu a asirce. Cikin irin wannan dangi aka haifi Mai Ceto, don haka rikicin gidanku bai fitar da ke daga bikin ba.

Sai ki raba gafara da sulhu, domin haɗa su ne ke ɗaure mutane. Gafara tsakaninki da Allah ce: ki ajiye neman ramuwa, ko yayanki ya nemi afuwa ko bai nema ba. Sulhu kuwa sai mutum biyu. Shi ya sa Romawa 12:18 ta sa iyaka: in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunki. Yafewa kuma ba ta nufin kin sallama haƙƙinki na gonar.

Makonnin Zuwan Almasihu, wato Lahadi huɗu kafin 25 ga Disamba, su ne lokacin aikin. Kowace safiya ki ɗauki minti goma, ki karanta kaɗan daga Luka 1 da 2, ki ambaci sunan yayanki cikin addu'a kina roƙa masa alheri. Da fari zai yi nauyi a baki, kada ki fasa. Kamar mako guda kafin bikin ki kira shi ko ki same shi ku biyu kaɗai, yadda Matiyu 18:15 ta tsara. Ki gaishe shi gaisuwar ƙanwa ga yaya, ki ce, "Yaya, ina so mu yi bikin nan lafiya saboda mama, maganar gona mu sa mata rana a Janairu tare da baffa." Ki tsaya nan.

Inda ake ɓata abin shi ne tayar da zancen ranar bikin, ga surukai ga yara. Namiji babba da aka tsare a gaban ƙannensa girmansa zai kare, ba zai saurari gaskiya ba. Haka neman afuwa mai "amma" a wutsiya, ko tura saƙo a zauren WhatsApp na dangi.

Idan akwai duka ko barazana, shawarar ta canja: kada ki je ke kaɗai, ki sanar da fasto ko dattijon ikkilisiya tukuna.

Ranar kuwa ki je sujada, ki zuba masa shinkafa da nama kamar kowa, ki aika wa gidansa nasu kwanon yadda ake aika wa maƙwabta. Idan ya mayar, kada ki sake aikawa ranar, kada kuma ki kai ƙara wurin mama. Ki bari sai zaman Janairu.