Amsar tambayarka kan kukis ɗin da suka baje suka ƙone

Yarona, na ga saƙonka, ka ce ka zuba Milo a kwaɓin kukis mai cakulet kamar yadda muke yi a shago, amma sun baje a tire, ƙasan ya yi baƙi, zaƙi kuma har ya hau kai. To ai mu ba Milo muke sawa ba, garin malt ne da madara irin Horlicks.

Shi malt ɗin nan tsiro ne kawai, hatsi ake jiƙawa ya tsiro a busar, kamar dai tsiron da mata ke sawa a kunun zaƙi, sai dai shi malt yawanci na sha'ir ne. Yana da sukarinsa, madarar ma tana da nata, shi ya sa yake saurin ja a wuta tun kafin cikin ya nuna. Milo kuwa ga malt ga koko ga suga, kai kuma ka zo ka zuba suganka cikakke a kai, dole ya narke ya baje. In shi kake da shi ba laifi, amma ka rage suga da kamar cokali uku.

Awon da nake yi: fulawa giram 250, bota 170, suga 150, malt 60, ƙwai ɗaya, bekin soda rabin ƙaramin cokali, cakulet 200 a daddatsa da wuƙa. Gishiri kar ka raina shi, shi ke fito da ɗanɗanon malt ɗin. Rabin sugan in ka samu mazarƙwaila mai kyau ka goga ta a madadinsa, tana sa cikin ya yi taushi.

Sannan ka tuna a Jos muke, tsayinmu ya kai mita 1,200, abu na saurin tashi ya kuma faɗi, don haka soda a shafe cokalin, ba tozo. Botar kuma ta yi laushi ne kawai yadda yatsa zai shiga, na san halinku da sanyin Disamba in ta ƙi laushi sai ku ɗora ta a wuta ta zama mai, wlh daga nan aiki ya lalace.

In ka gama kwaɓi ka sa a firji ko minti 30 ne, in NEPA sun yi halinsu ka rufe ka ajiye wuri mai sanyi. Wutar oven digiri 170 na Celsius, minti 10 zuwa 12, ka cire gefen na yin ja ko da tsakiyar na da laushi, a kan tiren zai ƙarasa. In da tukunya da yashi kake gashi, ka ɗaga tiren a kan gwangwani kar ya zauna kan yashin. Gobe ka zo min da guda biyu in karya in ga cikin.